Leo Brouwer da Tarihin Kiɗan Jita a Kuba

An haifi Juan Leovigildo Brouwer Mezquida, wanda duniya ta fi sani da Leo Brouwer, a birnin Havana na ƙasar Kuba ranar 1 ga Maris 1939. Makaɗin jita ne, mai tsara kiɗa a rubuce, kuma jagoran manyan ƙungiyoyin makaɗa. Daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau, kaɗan ne daga cikin masu rubuta wa jita kiɗa suka kai shi yawan aiki, kuma da wuya ɗalibi ya gama koyon wannan sana'a a makarantar kiɗa bai bi ta kan wani darasi nasa ba.

Jitar da ake magana a kanta ita ce ta katako mai tsirkiya shida, wadda ba ta buƙatar lantarki. Makaɗi yana zama a kujera, ya ɗora ƙafar hagu a kan ɗan matashin katako, ya kwantar da jitar a cinyarsa. Yatsun hagu suna danne tsirkiya a wuyan jitar, na dama kuma suna tsinkarta da tsokar yatsa da bakin ƙumba, shi ya sa makaɗan ke gyara ƙumbarsu da ƙaramin zarto kamar wani kayan aiki. Kiɗan kuwa rubutacce ne. Wani ya tsara shi da alamomi a takarda, wani ya karanta ya kaɗa, ko da ƙarni biyu ne a tsakaninsu.

A Sifaniya wannan jita ta sami kamanninta na yanzu, a hannun maƙerin jita Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892. Shi ya faɗaɗa cikinta, ya gyara sandunan da ke tallafe da fuskarta daga ciki, amonta ya ƙaru. Francisco Tárrega, wanda ya rasu a 1909, ya daidaita hanyar riƙe ta da kaɗa ta, ya bar almajirai. Andrés Segovia kuma ya ɗauke ta daga ɗakunan hira ya kai ta manyan zaurukan kiɗa na Turai da Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sauya tsirkiyar hanjin dabba da ta nailan, wadda ba ta saurin tsinkewa.

Duk da haka, jita ta daɗe tana fama da raini a tsakanin masu kiɗan Turawa. Manyan masu tsara kiɗa na ƙarni na 19 fiyano da goge suka rubuta wa, suka bar jita ga masu waƙar soyayya da 'yan rawa. Abin da makaɗanta suka gada ya rabu gida biyu. Akwai gajerun kaɗe-kaɗen da makaɗan jitar suka tsara da kansu, masu daɗi a hannu amma yawancinsu marasa zurfi. Akwai kuma na ƙwararrun masu tsarawa da ba su iya kaɗa jitar ba, sai wani makaɗi ya zauna ya gyara musu abin da yatsu ba za su iya ba. Ko sanannen Concierto de Aranjuez, wanda Joaquín Rodrigo ya rubuta a 1939, shekarar da aka haifi Brouwer, aikin makaɗin fiyano ne. Mutanen da suka haɗa abin biyu ba su da yawa: Heitor Villa-Lobos na Brazil da Agustín Barrios na Paraguay su ne na gaba.

A Kuba, jita ta zo tare da Sifaniyawa, ta bazu cikin talakawa. Mawaƙan da ke yawo gari-gari a gabashin tsibirin da ita suke rera waƙa, daga jikinta kuma aka samar da ƙanwarta, tres, mai tsirkiya bibbiyu kashi uku. Shigarta makaranta kuwa aikin wata mata ce, Clara Romero, wadda ta kafa koyar da jita a makarantar kiɗa ta birnin Havana a farkon shekarun 1930. Ɗanta Isaac Nicola ya gaje ta, ya je Turai ya yi karatu a wurin Emilio Pujol, shi kuwa Pujol almajirin Tárrega ne. Ta haka silsilar Sifaniya ta isa Havana ba tare da yankewa ba.

Amma kunnen Havana bai tsaya ga Sifaniya kaɗai ba. Sai a 1886 aka haramta bauta a Kuba, kuma cikin bayin da aka kai gonakin rake a ƙarni na 19 akwai Yarabawa masu yawa, waɗanda a can ake kira Lucumí. Sun riƙe bautar allolinsu, orisha, sun riƙe gangunan bata da waƙoƙinsu, haka ma zuriyar mutanen Kongo da na yankin Kalaba suka riƙe nasu. A shekarun 1920 da 1930 wasu matasa biyu, Amadeo Roldán da Alejandro García Caturla, suka fara shigar da karin waɗannan ganguna cikin kiɗan babbar ƙungiya. Ba su yi tsawon rai ba. Roldán ya rasu a watan da aka haifi Brouwer, Caturla kuma, wanda alƙali ne, wani mutum mai shari'a a gabansa ya harbe shi a 1940. Aikin da suka faro ya tsaya a rabi, kuma ba a kan jita suka yi shi ba.

Brouwer ɗan gidan kiɗa ne ta wajen uba. Kakarsa Ernestina Lecuona makaɗiyar fiyano ce mai tsara waƙoƙi, ƙanenta kuwa shi ne Ernesto Lecuona, mai Malagueña da Siboney, wanda a zamaninsa babu sunan da ya kai nasa a kiɗan Kuba. Sai dai yaron bai bi fiyanon gidan ba. Mahaifinsa, likita ne mai kaɗa jita don nishaɗi, shi ya fara ɗora masa ita a hannu yana da shekara 13, yana koya masa kaɗe-kaɗen Tárrega da Villa-Lobos da Granados da kunne. Daga nan ya koma wurin Isaac Nicola, wanda ya buɗe masa tsoffin kaɗe-kaɗen Sifaniya na ƙarni na 16. Yana da shekara 17 ya fara kaɗawa a gaban jama'a.

A daidai lokacin ya fara rubutu, ba tare da malamin tsara kiɗa ba. Dalilin da ya sha faɗa daga baya shi ne giɓin da ya gani: yana sauraron Bartók da Stravinsky, ya duba abin da aka rubuta wa jita bai ga makamancinsu ba, sai ya ƙudurta cike gurbin da kansa. Magana ce mai kama da cika baki a bakin matashi, amma ayyukan farko sun nuna da gaske yake. Preludio na 1956, Danza Característica na 1957 da Tres Apuntes na 1959 gajeru ne, ba ado mai yawa, sun ginu a kan ƙananan gutsattsarin kari irin na gangunan titunan Havana, ana maimaita su ana juya su. Bai ɗauko waƙar gargajiya ya yi mata kwalliya ba, kamar yadda aka saba. Ƙashin karin ya ɗauka ya gina sabon abu a kai.

Juyin juya halin da Fidel Castro ya jagoranta ya yi nasara a Janairun 1959. A wannan shekara sabuwar gwamnati ta ba Brouwer tallafin karatu zuwa Amurka, inda ya yi karatu a makarantar Juilliard ta New York, a ƙarƙashin Vincent Persichetti da Stefan Wolpe, da kuma sashen kiɗa na jami'ar Hartford. Zaman bai yi tsawo ba, domin dangantakar ƙasashen biyu ta lalace. Ya koma gida aka damƙa masa sashen kiɗa na hukumar fina-finai ta ƙasa, ICAIC, wadda aka kafa a Maris 1959, yana kuma koyarwa a makarantar kiɗa ta Havana da aka sa wa sunan Roldán.

A tsakanin waɗannan shekaru ne ya rubuta darussa goma na farko na Estudios Sencillos, wato sauƙaƙan darussa, waɗanda mai yiwuwa sun fi duk wani aiki nasa yaɗuwa. Kafin su, mai koyon jita darussan Carcassi da Sor da Giuliani na farkon ƙarni na 19 yake fama da su, sai ya ƙware sosai sannan ya taɓa kiɗan zamaninsa. Brouwer ya lura cewa tsoffin darussan kan wahalar da hannu biyu a lokaci guda. Nasa tsarin shi ne, in hannun dama na da aiki mai wuya, a sassauta wa na hagu, in na hagu ne ke wahala, a bar na dama ya huta. A darasi na farko, babban yatsa ne ke ɗauke da waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu biyu suna maimaita abu ɗaya a sama, karin yana ɗan tsallake inda kunne ke jiransa. Yaron da bai fi wata shida da fara koyo ba zai iya kaɗa shi, kuma abin da zai fito kiɗa ne na gaske, ba atisaye kawai ba. Ya ƙara wasu goma a 1981, sannan sabon jeri na goma a 2001, kowanne don girmama wani mai tsara kiɗa.

A 1961 ya halarci bikin sabon kiɗa na Warsaw a ƙasar Folan, inda ya ji ayyukan Penderecki da sauran masu neman sabon salo a Turai. Ya dawo da abin da ya ji ya baza wa abokan aikinsa. Wannan ya buɗe zango na biyu a rayuwar aikinsa. Elogio de la Danza na 1964 shi ne gadar: ya fara a hankali da amo ɗaya mai kauri da ake maimaitawa, ya ƙare da rawa mai zafi inda makaɗi ke bugun katakon jitar kamar ganga. Canticum ya biyo baya a 1968, sai La Espiral Eterna a farkon shekarun 1970, sannan Parábola da Tarantos.

La Espiral Eterna ya cancanci a tsaya a kansa. Tunaninsa daga ilimin taurari ya fito, daga siffar murɗaɗɗen da'ira da ake gani a tarin taurari da kuma cikin ƙananan halittu. A farkonsa babu waƙar da za a iya rerawa. Amo uku ne maƙwabtan juna, kowanne a kan tsirkiyarsa, yatsun dama suna zagaya su da sauri ƙwarai kuma ƙasa-ƙasa ƙwarai, har su narke su zama guna-guni guda. Sai amo ɗaya ya gusa kaɗan, sai wani ya bi shi, dunƙulen yana buɗewa yana rufewa. Takardar ba ta ƙayyade sau nawa za a maimaita kowane dunƙule da ƙididdigar da aka saba ba, an bar wa makaɗi wani yanki na hukunci. Can gaba ana toshe tsirkiya don amon ya mutu, ana ɗaga ta a sake ta ta daki wuyan jitar, ana ƙwanƙwasa da yatsun hannu biyu. Mai sauraron da ya saba da Tárrega zai iya cewa na'ura ce ke yi. Duk waɗannan dabaru mutumin da ya san jita a hannunsa ne kaɗai zai iya ƙirƙirarsu, kuma nan ne bambancinsa da sauran masu sabon salo ya fito fili.

Aikin fim yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Shi ya yi wa darakta Tomás Gutiérrez Alea kiɗan La muerte de un burócrata na 1966 da Memorias del subdesarrollo na 1968, ya yi wa Humberto Solás na Lucía a 1968. Wani ɗan gajeren kiɗa mai taushi da ya rubuta wa wani fim ɗin Solás, Un día de noviembre, ya fita daga fim ɗin ya zama abin da makaɗa ke rufe taro da shi a ko'ina. Daga baya ya yi kiɗan La última cena na 1976, wanda labarinsa na bayi ne a gonar rake, da kuma fim ɗin Meziko Como agua para chocolate na 1992.

A 1969 shugaban ICAIC, Alfredo Guevara, ya kafa wata ƙungiyar gwajin sauti a cikin hukumar, ya sa Brouwer ya jagorance ta. An tara matasan mawaƙa irin su Silvio Rodríguez, Pablo Milanés da Noel Nicola, ɗan malaminsa Isaac, tare da makaɗa kamar Sergio Vitier da Leonardo Acosta, daga baya Sara González ta shigo. Wasu daga cikinsu ba sa ɗasawa da jami'an rediyo da talabijin na lokacin, Milanés ma ya taɓa zama a sansanin aikin dole, don haka hukumar fim ta zama musu inuwa. Brouwer ya zaunar da su ya koya musu karatun kiɗa da haɗa amo da tsara kayan kiɗa, suna nazarin Bach da Beatles da kiɗan Brazil a aji ɗaya. Daga wannan ƙungiya ne salon Nueva Trova ya yi ƙarfi, waƙoƙinsa suka mamaye ƙasashen da ke jin Sifaniyanci a shekarun 1970.

A matsayin makaɗi ma sunansa ya fita waje. Bajamushe mai tsara kiɗa Hans Werner Henze ya zauna a Kuba a 1969 da 1970, ya tsara El Cimarrón a kan rayuwar Esteban Montejo, tsohon bawan da ya gudu daji, wanda marubuci Miguel Barnet ya ɗauki labarinsa yana da shekara fiye da ɗari. Aikin na mutum huɗu ne: mawaƙi, mai sarewa, mai ganguna da mai jita. Da aka fara gabatar da shi a bikin Aldeburgh na Ingila a 1970, Brouwer ne ya riƙe jitar. A 1972 ya sami tallafin zama a Berlin, ya yi faya-fayai da kamfanin Deutsche Grammophon, ya zagaya ƙasashe yana kaɗa tsoho da sabo, daga Scarlatti har zuwa Scott Joplin.

A farkon shekarun 1980 jijiyar yatsan tsakiya na hannunsa na dama ta sami rauni, kuma a wannan sana'a rasa yatsa ɗaya rasa kaɗawa ne gaba ɗaya. Ya daina fitowa a matsayin makaɗi yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ya koma ga sandar jagora da alƙalami. A 1981 aka ba shi shugabancin babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Kuba, a 1982 aka fara gasar jita ta duniya a Havana a ƙarƙashin kulawarsa, wadda ta jawo manyan makaɗa zuwa tsibirin da takunkumin Amurka ya ware.

Salonsa ma ya sauya a daidai nan. Ya ga cewa sabon salon Turai ya kai maƙura, ya yi nisa da kunnen mai sauraro, sai ya dawo da waƙa da kari a fili ba tare da ya watsar da dabarun da ya tara ba. Aikin da ya buɗe wannan zango na uku shi ne El Decamerón Negro na 1981, wanda ya rubuta wa makaɗiyar jita Ba'amurkiya Sharon Isbin. Tushensa littafin tatsuniyoyin Afirka ne da Bajamushe Leo Frobenius ya wallafa a 1910, mutumin da ya yi yawo a Afirka ta Yamma, ya kuma isa Ile-Ife a wannan shekara. Kashi uku ne: molon jarumi, gudun masoya a kwarin amsa-kuwwa, da waƙar budurwa mai bege. A kashi na tsakiya jita ɗaya ke yin kira da amsa, kowace jimla ana maimaita wutsiyarta a hankali kamar daga nesa, a tsakani kuma akwai sukuwar dawaki. Masu ra'ayin sabon salo sun ɗauki wannan a matsayin ja da baya. Makaɗa kuwa sun karɓe shi hannu bibbiyu, kuma zaɓinsu ne ya tabbata.

Jerin Paisajes cubanos, wato hotunan ƙasar Kuba, ya biyo baya. Wanda aka fi sani shi ne Paisaje cubano con lluvia na 1984, na jita huɗu. Makaɗi ɗaya ya saki amo siriri, wani ya saki nasa, ɗigo-ɗigo ba tsari a fili. Ɗigon yana ƙaruwa har su huɗun su haɗu a yayyafi, sannan a fara fizgar tsirkiya tana dukan katako, ruwa ya tsuge, daga baya ya lafa yadda ya fara. Da yake ba ya buƙatar ƙwarewa mai tsanani, ƙungiyoyin ɗalibai kan kaɗa shi da jita goma ko ashirin, kowane kashi mutum da yawa. A Rito de los Orishas na 1993, wanda ya rubuta wa Álvaro Pierri na Uruguay, ya koma kai tsaye ga gadon Yarabawan Kuba: kashi na farko kiran iskoki ne, na biyu rawar allolin mata.

Da yake shi ba ya kaɗawa kuma, sai manyan makaɗa suka riƙa neman ya rubuta musu. Julian Bream na Ingila ya sami Concierto Elegíaco a 1986 da Sonata a 1990. John Williams ya sami Concierto de Toronto a 1987. Concierto de Helsinki na Timo Korhonen ne, Concierto de Volos kuma na Bagirke Costas Cotsiolis. Irin waɗannan ayyuka, inda jita ɗaya ke fuskantar babbar ƙungiya, suna da matsala sananniya: amon jita ƙanƙani ne, goge talatin za su haɗiye shi. Gogewarsa a jagorancin ƙungiya ta taimaka masa wajen sanin inda zai rage kayan kiɗa ya buɗe wa jitar hanya, ya yi fiye da goma irinsu. Da abokinsa mai tsara kiɗa Toru Takemitsu na Japan ya rasu a 1996, ya rubuta Hika don tunawa da shi, Shin-ichi Fukuda ya kaɗa. Bai kuma ɗauki kiɗan talakawa abin ƙyama ba, domin ya tsara waƙoƙin Beatles bakwai don jita da ƙungiyar goge.

A 1992 ya kafa ƙungiyar makaɗa ta birnin Córdoba a kudancin Sifaniya, ya jagorance ta har 2001. Wannan ya zo daidai da shekarun ƙuncin da Kuba ta shiga bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, lokacin da ko tsirkiyar jita wuyar samu take a Havana kuma makaɗa da dama suka bar ƙasar. Kuba ta ba shi lambar yabo ta ƙasa ta kiɗa a 1999 da ta fim a 2009. A 2010 ya karɓi lambar Tomás Luis de Victoria a Sifaniya, ya kuma ci Latin Grammy a 2010 da 2017, ta biyun saboda Sonata del Decamerón Negro. Daga 2009 zuwa 2014 ofishinsa ya shirya bikin kiɗa na shekara-shekara mai ɗauke da sunansa a Havana, kuma kamfaninsa na ɗab'i, Ediciones Espiral Eterna, shi ke fitar da sababbin ayyukansa, ciki har da jerin sonata da ya ci gaba da rubuta wa makaɗan da suka taso a kan darussansa.